Kuɗin horas da ma'aikata: wa ke tambayar abin da aka koyo?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk shekara idan lokacin kare kasafin kuɗi ya zo, ministoci da shugabannin hukumomi kan bayyana a gaban kwamitocin Majalisar Tarayya. A kasafin kowace ma'aikata akwai kuɗin horas da ma'aikata, na cikin gida da na ƙasar waje, kuma a kansa nake so mu tattauna. Tambayoyin da 'yan kwamiti suka saba yi uku ne: nawa aka ware, nawa aka saki, nawa aka kashe. Da babban sakatare ya ce an kashe kashi 90 cikin 100, shi ke nan an wuce wurin. Ni kuwa abin da nake so in ji ana tambaya shi ne, su wa aka horar, me suka koyo, kuma me ya sauya a aikinsu bayan sun dawo?

Ku tuna watan Maris na 2024, da ofishin Akanta Janar ta Tarayya ya kwashi kwamishinonin kuɗi na jihohi zuwa Landan don bita, a lokacin da dala ta haura naira 1,500. Hujjar da aka bayar ita ce masu koyarwar a can suke zaune. Cikin watan nan ne Shugaba Tinubu ya hana tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata 3, daga 1 ga Afrilu. Fadar shugaban ƙasa ce ta taka birkin, bayan jama'a sun yi ca. Majalisar da ta amince da kuɗin tun farko ita ta fi cancanta ta riga kowa ganin matsalar.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ni malamar firamare ce. A makarantarmu mutum biyu ko uku ne kullum sunansu ke fitowa idan an ce bita, kuma kowa ya san dalili: suna da uwa a gindin murhu. Malamar da ke fama da yara sama da 80 a aji ɗaya, wadda ta fi kowa buƙatar a koya mata dabara, sai ta shekara da shekaru ba a kira ta ba. Waɗanda suka je kuma abin da suke dawowa da shi jaka ce da satifiket da alawus. Ba wanda zai ce su tara mu su koya mana abin da suka samo.

Abu Yasir:
Gaskiya ne Hajiya. A asibitoci ma haka abin yake. Mai zama a ofis ke tafiya bitar, mai kwana da marasa lafiya yana nan.

Tsohon Odita:
Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangaren masu binciken kuɗi, don a nan na yi aiki har na yi ritaya. Ba abin da ya fi bita sauƙin cike takardu. Idan aka ce an gina aji, zan iya hawa mota in je in ga ajin, in auna shi, in buga bangon. Idan aka ce an horar da mutum 200 a otal na kwana 3, me za a kawo min? Takardar sa hannun mahalarta, rasit na zauren taro, rasit na abinci, hoton mutane a tsaye gaban kyalle mai ɗauke da sunan taron. Duk wannan mutum ɗaya zai iya haɗa shi a yini guda. Ko da an yi taron da gaske, fayil ɗin ba ya gaya min ko wani ya ƙaru da komai.

Sannan akwai matsalar doka. Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wato Odita Janar, har yau yana jingine da dokar 1956, ta zamanin Turawa. Majalisa ta 8 (2015 zuwa 2019) ta zartar da sabon ƙudiri, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Sashe na 85 na kundin tsarin mulki kuma ya hana Odita Janar bincikar asusun hukumomi masu zaman kansu na gwamnati kai tsaye. Abin da ya ba shi shi ne ya ba su jerin sunayen masu bincike su zaɓa, sannan ya yi sharhi a kan rahoton da aka kawo. Rahoton nasa kuma yakan iso majalisa bayan shekaru, lokacin da babban sakataren da ya sa hannu a baucan, wato takardar biyan kuɗin, ya yi ritaya ko an sauya masa ma'aikata. Wanda ya gaje shi ya zo gaban kwamitin asusun gwamnati ya ce ba a zamaninsa aka yi ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Sadauki:
Ina girmama ku duka, amma ina ganin ana ɗora wa majalisa laifin da ba nata kaɗai ba. Na yi aiki a matsayin mataimaki a ofishin wani ɗan majalisa, na ga yadda abin yake daga ciki. Rahoton kwamitin Oronsaye na 2012 kan rage yawan hukumomi ya ƙirga hukumomin tarayya 541, kuma an ƙara wasu bayan nan. Kare kasafi kuwa cikin 'yan makonni ake yin sa. Hukuma takan aiko da kundinta mai ɗaruruwan shafuka ana gobe zama, wani lokaci ma a safiyar ranar. Wa zai karanta? Kwamiti na da akawu da 'yan ma'aikata kaɗan, ita kuwa ma'aikata ta zo da daraktoci cike da zaure. A zaɓen 2023 fiye da rabin 'yan majalisar sababbi ne, wasu ba su taɓa riƙe kundin kasafi ba. Kafin mutum ya gane kan abin, zaɓe ya sake zagayowa.

Ga kuma raini. Sau nawa kuka ji kwamiti na kuka cewa ya gayyaci shugaban hukuma ya ƙi zuwa, ya turo mataimakin darakta? Ko an ba da sammacin kamo shi, 'yan sanda ne za su kamo shi, su kuma suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa. Har sai da Buhari ya hana ministoci fita waje a watan Oktoba na 2019 don su tsaya su kare kasafinsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yadda suke ɗaukar majalisa.

Barista A'isha:
Malam Sadauki, na yarda da kai a kan ƙarancin ma'aikatan kwamiti. Amma batun rashin iko ban yarda ba. Sashe na 67 na kundin tsarin mulki ya ce minista ya halarci zaman majalisa idan an gayyace shi ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon bincike, kuma ya faɗi dalilin ƙarara: don tona cin hanci, da rashin iya aiki, da almubazzaranci. Ka lura da na biyu da na uku. Ba sai an saci kuɗi ba. Horon da bai amfani kowa ba almubazzaranci ne, kuma yana cikin hurumin majalisa. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran shaida da karɓar takardu. Majalisun jihohi ma suna da irin wannan a sashe na 128 da 129.

Babban makamin kuma ba sammaci ba ne, kuɗi ne. Ba a fitar da ko kwabo daga asusun gwamnati sai da amincewar majalisa. Kuma sun san yadda ake amfani da shi idan sun ga dama. A kasafin 2013 sun hana hukumar kula da kasuwar hannun jari kuɗi saboda rigimarsu da shugabarta Arunma Oteh. To me zai hana kwamiti ya ce wa ma'aikata, ba za mu amince da kuɗin horon bana ba sai kin kawo sunayen waɗanda aka horar bara, da matakin albashinsu, da inda suke aiki yanzu?

Baban Khadija:
Barista, Allah ya saka da alheri, kin kawo mu inda nake son zuwa. Ku tuna asalin rigimar Oteh ɗin. A watan Maris na 2012, ana tsakiyar sauraron bahasi a bainar jama'a, ta zargi shugaban kwamitin Majalisar Wakilai mai kula da kasuwar hannun jari, Herman Hembe, da neman miliyoyin naira daga hukumarta don shirya zaman, da kuma karɓar kuɗin guzurin tafiya wani taron ƙara wa juna sani a Jamhuriyar Dominika (Dominican Republic), bai je ba. Ya musanta, amma ya sauka daga jagorancin binciken. Kafin nan, a 2008, an yi badaƙalar naira miliyan 300 na ragowar kasafin ma'aikatar lafiya, wadda ta sa minista Adenike Grange ta ajiye aiki, ko da yake kotu ta wanke ta daga baya. Naira miliyan 10 daga cikin kuɗin sun tafi kwamitin lafiya na Majalisar Dattawa, wanda Iyabo Obasanjo ke shugabanta, kuma bayanin da aka bayar shi ne an yi bita da su a Ghana.

Ba hukuncin waɗannan shari'o'i ne ya dame ni ba. Tsarin ne ya dame ni. Hukumar da kake sa wa ido ita ke biya maka jirgi da otal da guzuri, da sunan ƙara maka sani a kan aikinta. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Da wane baki za ka tambaye ta su wa ta tura kwas?

Sadauki:
Yallaɓai, waɗannan tsofaffin labarai ne. Kuma ba kowane ɗan majalisa ke yin haka ba. Akwai masu tsoron Allah a ciki, na zauna da su.

Baban Khadija:
Ban musa ba, akwai su, Allah ya ƙara mana irinsu. Amma ka gaya min, an hana hukumomi ɗaukar nauyin tafiyar sa ido ta kwamitoci a aikace? Majalisa na da cibiyarta ta horaswa da bincike a Abuja, wadda aka kafa da doka a 2011. Idan ɗan majalisa na buƙatar sanin aikin wutar lantarki ko na kasuwar hannun jari, a koya masa a can da kuɗin majalisa.

Ɗan Funtuwa:
Ni abin da ban ji kun ambata ba shi ne ayyukan mazaɓu. Wani kaso mai yawa na kuɗin horon ba ma'aikatar ce ta nema ba, 'yan majalisar ne suka cusa shi. Buɗe kasafin za ka ga kwalejin noma ko cibiyar bincike an ɗora mata horas da matasa da mata a wata mazaɓa da ke ɗaya kusurwar ƙasar, aikin da bai shafe ta ba ko kaɗan. Naira biliyan 100 aka saba warewa duk shekara don ayyukan mazaɓu. A watan Nuwamba na 2019 Buhari da bakinsa ya ce an kashe naira tiriliyan 1 a kansu cikin shekara 10 ba a ga amfanin da ya kai kuɗin ba. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC da ta fara bin diddigin ayyukan a shekarar ta yi ta nuna cewa irin na horaswa da rabon tallafi su suka fi wuyar bibiya, daidai da abin da Baba Odita ya faɗa.

Duk wanda ya ɗaga murya a ciki kuma ya ga abin da ke biyo baya. Ɗan Majalisar Wakilai Abdulmumin Jibrin ya yi maganar cushe a kasafi a 2016, aka dakatar da shi kwana 180 na zaman majalisa. Sanata Abdul Ningi ya yi hira da BBC Hausa a Maris na 2024 a kan naira tiriliyan 3.7 da ya ce bai ga ayyukan da aka jingina su da su ba, aka dakatar da shi wata 3.

Sadauki:
Ɗan Funtuwa, ka je ƙofar gidan ɗan majalisa da asuba ka gani. Ba wanda ke zuwa ya tambaye shi me ya faɗa a zaman kwamiti. Keken ɗinki ake nema, da babur, da kuɗin magani, da kuɗin makaranta. Wanda ya tsaya yana karatun rahoton odita bai raba komai ba, faɗuwa zai yi a zaɓen fidda gwani. Mu masu zaɓe mu muka koya musu abin da muke so.

Maman Sadiq:
A nan kam ka faɗi gaskiya, ba zan ƙi ba. Amma bari in kawo abin da ya fi ci min rai, don ku ga yadda rashin tambayar ke kashe manufa sukutum. A ƙarshen Nuwamba na 2022 majalisar zartarwa ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa. Mun yi murna, don mun san yaron da aka yi wa bayanin lissafi da Hausa ya fi saurin kamawa. Minista Adamu Adamu tun a ranar ya ce aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malaman da aka horar. A Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, ya ce ya jawo faɗuwa a jarrabawa. Shekara 3 ke nan, kasafi 3 ya wuce ta gaban kwamitocin ilimi. A makarantarmu ba malamin da aka kira aka koya wa yadda zai koyar da kimiyya da Hausa, ba littafin da ya iso mana. Kowace shekara ya kamata a ce an tsare ma'aikatar an tambaye ta malamai nawa ta horar don wannan manufa, a waɗanne jihohi, littattafai nawa ta buga. Ranar da aka zo sokewa kuma a tambaye ta, abin da ba a aiwatar ba ta yaya aka auna shi har aka ce ya gaza?

Haka a Kaduna a 2017, da aka ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji 4. Kowa ya tsaya a kan kora, masu goyon baya da masu adawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma a ciki akwai kason horas da malamai da ake tura wa jihohi. Ina bitocin duk shekarun nan suka tafi? Wa aka kira ya amsa wannan?

Abu Yasir:
Wallahi Hajiya wannan magana ta shige ni. Allah ya ba ku lada a kan yaran nan.

Alhajin Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Ina bin ku tun ɗazu. Mu a Ghana kwamitin asusun gwamnati na majalisa yana zamansa a bainar jama'a tun 2007, ana nunawa a talabijin, kuma ɗan adawa ne ke shugabantarsa. Shugabannin makarantu da na majalisun gundumomi kan zo su amsa tambaya a kan rahoton odita, kowa na kallo. Abin da ya fi tasiri shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2017, da ya tilasta wa Odita Janar ya riƙa ɗora wa jami'i biyan kuɗin da ya kashe ba bisa ƙa'ida ba daga aljihunsa. Odita Janar na lokacin, Daniel Domelevo, ya yi amfani da wannan iko sosai. Sai dai a 2020 an tura shi hutun dole, a 2021 aka ce ya yi ritaya. Saboda haka kada ku ɗauka mun tsira. Kuma mu ma tambayar rasit ake yi, ba a cika tambayar me aka koyo ba.

Tsohon Odita:
Alhaji, wannan ikon na sa jami'i ya biya daga aljihunsa shi muke nema. Ranar da darakta ya san gidansa na iya tafiya a kan bitar bogi, zai duba takarda sau biyu kafin ya sa hannu.

Sannan ina so matasan gidan nan su sani, ba horon muke ƙi ba. Ma'aikaci ba ya iya aiki sai an koya masa. Cibiyar koyon mulki ta Kongo a Zariya ta horar da ma'aikatan En'e da na gwamnatin Arewa tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. An kafa kwalejin horas da ma'aikata ta Badagry a 1973, cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta Kuru kusa da Jos a 1979, ga kuma cibiyar ma'aikatan gwamnati da ke hanyar Kubwa. A zamaninmu kwas na watanni ne, akwai jarrabawa a ƙarshe, sakamakon na shiga fayil ɗinka, kuma yana shafar ƙarin girmanka. Wanda ya faɗi ya san ya faɗi. Yanzu an bar waɗannan wurare an koma ba wa kamfanonin 'yan kwangila aikin horaswa a otal-otal, don a can ne ake samun rarar da za a raba. Idan kwamiti na son tambaya ɗaya mai sauƙi, ya tambayi ma'aikata kashi nawa na kuɗin horonta ya tafi cibiyoyin gwamnati, kashi nawa ya tafi hannun 'yan kwangila, kuma su wa suka mallaki kamfanonin.

Sadauki:
Baba, wannan tambayar na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma ina nan a kan bakana cewa in ba a ba kwamitoci ƙwararrun ma'aikata na dindindin ba, waɗanda ba sa tafiya idan ɗan majalisa ya faɗi zaɓe, amsar ma in an kawo ba mai tantance ta.

Baban Khadija:
A ba su, ban ƙi ba. Majalisa ce ke tsara kasafin kanta, kuma kuɗinta kai tsaye yake fita. Idan ta ga ƙwararrun na da muhimmanci za ta ɗauke su kafin ta sayi motoci.

Barista A'isha:
Ni ina ganin kada mu tsaya jiran su. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma hukumar na da kwana 7 ta amsa. In ta ƙi, kotu na nan. A Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma, don haka hujjar da suka daɗe suna fakewa da ita ta faɗi. Mu zaɓi hukuma ɗaya, mu nemi abu huɗu: jerin horon da ta yi bara, sunaye da matakin waɗanda suka halarta, kamfanin da aka ba aikin da kuɗin da aka biya shi, da rahoton da aka rubuta bayan an gama. Mu aika kwafi ga akawun kwamitin da ke kula da ita da kuma ofishin ɗan majalisar mazaɓarmu. Zan rubuta wasiƙar kyauta.

Maman Sadiq:
Barista, a fara da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharmu. Amma ina roƙon kada sunana ya fito, ina cikin aiki, kuma sauyin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa ba ya musu wuya.

Tsohon Odita:
'Yata, ki kwantar da hankalinki. Ni na gama aiki, ba wanda zai sauya min wuri. A sa sunana. Barista, ki ƙara da neman kwafin baucan biya da lambar asusun da kuɗin ya shiga, don a nan ake gane ko kamfani ɗaya ne ke sauya suna.

Ɗan Funtuwa:
Ni zan kai ta da hannuna in karɓo kwafin da aka buga wa hatimi. Barista, zuwa yaushe za ta kammala?

Barista A'isha:
Ranar Alhamis in sha Allahu zan turo daftarin nan kowa ya duba. Baba Odita, ka turo min ta akwatin sirri yadda ake kiran takardun a ofis, don kada su ce ba su gane abin da muke nema ba.